Ɓeraye a Tirelar Orest

Akwai wani dattijo a nan yankinmu, can bayan garin Canora, sunansa Orest. Manomin alkama ne da ya ajiye noma, ya ba wa matasa gonar, ya riƙe gidansa da tsohuwar rumfar taraktoci. Mutumin kirki ne, wannan kowa ya shaida. Amma idan Orest ya ce hanya ta nan take, ko tabki ne a gabansa sai ya shiga. Na daɗe da saninsa, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani "ka fi ni gaskiya" ba.

Matarsa Lesia ciwon mantuwa ne ya kama ta. Da farko makullin mota ake tsinta a cikin firji, a yi dariya har da ita. Ranar da ta bar murhu a kunne ta fita titi da silifas cikin dusar ƙanƙara, dariya ta ƙare. Dole aka kai ta gidan kula da tsofaffi a cikin gari.

Kullum Orest yana zuwa. Kullum tana gaishe shi cikin ladabi, kamar wanda aka aiko gyaran famfo. Sama da shekara arba'in suna tare, ta haifa masa 'ya'ya, amma ta kalle shi ta tambaye shi wa yake nema. Wannan abu ya ci shi ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Wuri ɗaya ne ya rage.

Suna da wata tsohuwar tirela ta tafi-da-gidanka, irin wadda ake jona wa bayan mota, mai gado da ɗan murhu da tebur. Tun yaransu na ƙanana suke jan ta zuwa bakin tabkin Good Spirit duk lokacin zafi. Komai na ciki hannun Lesia ne. Ita ta ɗinka labulayen, ita ta harhaɗa bargon da ƙyallayen tsofaffin rigunan yara. Ita ta yi 'yan jakunkunan nan da matanmu ke cikawa da alkama, a ɗumama a ɗora a gwiwa mai ciwo. Da ka buɗe ƙofar, ƙanshin kofi da hayaƙin itace da sabulunta ne ke tarbar ka.

Wata Lahadi cikin zafi ya ɗauko ta don ta sha iska a gona. Ta wuce gidan da ta zauna rabin rayuwarta ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ta ga tirelar a rumfa, ta hau da kanta, ta zauna a mazauninta na gefen taga. Orest ya biyo ta.

Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Orest, takalmi. Sau nawa zan gaya maka?"

Ya zauna a kan matakala yana kwance igiyar takalmi, hawaye na ɗiga a kan hannunsa.

Daga ranar, kowace Lahadi bayan coci sai ya ɗauko ta. A cikin tirelar ta san shi. Tana yi masa faɗa a kan yawan sukari, tana tambayar yara, tana tuna masa ranar da ya faɗa ruwa garin ciro kifin da bai kai tafin hannu ba. Da sun fito, komai ya goge.

Sau ɗaya ya yi kuskuren mayar da butar shayi wani wuri. Lesia ta shiga, ta tsaya, idonta ya yi ta yawo, ta ce a fitar da ita. Tun daga nan Orest ya rantse ko cokali ba za a sake gusarwa ba.

To, duk mai tirela a nan ya san yadda ake rufe ta. Da an gama bikin godiya na bayan girbi a farkon Oktoba, sai a kwashe komai: abinci, barguna, katifu, tawul, har takardar goge hannu. A wanke ciki, a bar ƙofofin kabad a buɗe. A ɗana tarkuna da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a bar su kwanaki. Sai an ga tarko ya daina kamu ake bin ramuka a toshe da soson ƙarfe. Bayan haka ma ana leƙawa lokaci lokaci har sanyi ya wuce. Ba wani ilimi ba ne. Da an girbe alkama sanyi ya sauko, ɓerayen gona gida suke nema, kuma inda ɗan yatsa ya shiga, ɓera ya shige.

Orest ya fi kowa sanin haka. Amma rufe tirela yana nufin babu sauran Lahadi. Sai ya ja waya ya sa ɗan hita mai ɗumama ɗaki a ciki, ya ci gaba da kawo ta. Oktoba ta wuce, maƙwabta duk sun rufe nasu, tasa tana nan da ɗumi a bakin gonar da aka girbe. Sai da Nuwamba ta shiga, ma'aikatan gidan tsofaffi suka ce ba za su ƙara bari a fita da ita cikin wannan sanyi ba, sannan ya haƙura.

Ranar da zai rufe, ƙanen Lesia ya zo, wani mai suna Myron. Ya haura sittin, amma har yau "yaro" Orest ke ce masa, shi kuma ba ya gajiya da tsokanar mijin yayarsa. Ya tarar da shi kwance a ƙarƙashin tirelar da fitila a goshi.

Myron ya ce, "Mijin Yaya, kwana ka koma yi a ƙarƙashin akurkin? An kore ka daga sama?"

"Miƙo min soson can, yaro. Ba surutu na aike ka ba."

Myron ya miƙa masa, ya zagaya ya leƙa ciki. Ya ga gado a shimfiɗe, labulaye a rataye, komai a inda yake. Ya dawo ya tsuguna.

"Yaushe za mu kwashe kayan?"

"Ba za a kwashe ba."

"Ban gane ba."

"Na fitar da biskit, na fitar da sukari da kofi. Babu abinci. Sauran suna nan yadda ta bar su."

"Jakunkunan gwiwarta fa? Me ke cikinsu, yashi? Alkama ce, Yaya. Kai da ka yi noma ai ba sai an gaya maka ba."

Orest ya fito daga ƙarƙashi yana kakkaɓe riga. "Tana shiga su take fara lalubawa. In ba ta same su a inda ta ajiye ba, shi ke nan."

"To mu ɗauki hoton komai da waya. Mu zuba a manyan robobi masu murfi, mu kai ɗakina na ƙasa. In ƙanƙara ta narke mu mayar da kowanne mazauninsa. Ni da matata Halyna za mu yi, kai ka tsaya kana ba da oda, tunda abin da ka iya ke nan."

"Su dawo suna warin ɗakinka? Warin karenka da na kabejin matarka? Lesia da hanci take gane wurin nan."

Myron ya san maganar ba ƙarya ba ce. Ya ce, "Na ji. To bar kayan. Amma ka ɗana tarko tukuna. Wata guda ke nan kana hura musu ɗumi a bakin gona. Ka tabbata babu kowa a ciki kafin ka toshe."

"Babu kowa a ciki. Da na gani."

"Su ma ai ba gaishe ka za su fito yi ba."

"Tarko da gyaɗa kiran ɓera ne. Ni ba zan sa abin da zai jawo su ba. Zan toshe yadda ko iska sai ta nemi izini."

"Yaya, 'yar'uwata ce fa. Ni ma ina so ta samu wurin nan."

"Matata ce. Na san abin da nake yi."

Nan maganar ta mutu. Myron ya sa hularsa ya tafi.

Gaskiya Orest ya yi aiki, ba zan rage masa ba. Ya bi duk inda bututu ya shiga da inda waya ta fita, ya cusa soson ƙarfe, ya bi da kumfar nan mai daskarewa. Ya sa raga a mashigar iskar murhu da ta firji. Ya naɗe wayar wuta don kada ta zama gada. Ya jera sandunan sabulu mai ƙarfin ƙanshi a kan gado da cikin kabad, wai ɓera ba ya son warinsa. A ƙarshe ya bi gefen ƙofar da faffaɗan salatif, ya datse da kwaɗo. Duk garin nan babu tirelar da aka rufe kamar tasa.

Sanyin bana kun san yadda ya yi. Orest yana share hanya da asuba ya tafi gari. Lesia tana ta raguwa. Ta daina gama magana, cokali ma wani lokaci sai an riƙa mata. Wata ma'aikaciya ta ja shi gefe ta ce masa ciwon yana sauri, duk abin da yake so ya yi da ita kada ya jinkirta.

Sai ya zauna kusa da Lesia ya ce, "Ƙanƙara na narkewa zan kai ki tirela." Ita kuma ta gyaɗa kai irin na wanda baƙo ke yi wa hira. Bai damu ba. Ya san akwai ɗaki ɗaya a duniya da za ta kira sunansa, kuma makullin yana aljihunsa. Da wannan ya ci sanyin.

Cikin Fabrairu Myron ya kawo masa miyar kabeji daga wajen Halyna. Orest ya ja shi rumfa don ya nuna masa. Iska ta watso dusar ƙanƙara ta kewaye tirelar, lif, babu ko ɗigo a kanta.

"Duba da kyau, yaro. Ka ga sawu? Ko ɗaya babu."

"Na gani. Sawun masu shiga kake nema. Wanda ke ciki ai ba ya barin sawu a waje." Myron ya kai hannu ga kwaɗon. "Buɗe mu leƙa, yanzu mu rufe."

"In ɓare salatif cikin wannan sanyi? Ba zai sake kamawa ba. Kuma ƙanshin ya fice."

"To share tagar mu haska."

"Na ja labule."

"Mijin Yaya, tsoro kake ji ko?"

Orest ya karɓi kwanon miyar ya ce, "Ka gaida Halyna."

Ni a ganina Myron ya taɓa wurin. Taurin kai akwai, amma tsoro ya fi yawa. Mutumin da abu ɗaya ya rage masa ba ya son jin labarin abin. Muddin ƙofar na rufe, komai lafiya yake a cikin ransa.

A ƙarshen Afrilu ƙasa ta fito, hanya ta bushe. Gidan tsofaffi suka ce Lahadi mai zuwa zai iya ɗaukar ta. Orest ya aske gemu, ya sayo kofin da take so, ya je buɗe tirela don ta sha iska. Myron ya zo, wai taya shi cire salatif.

Kafin ƙofar ta gama buɗewa warin ya buge su. Duk wanda ya taɓa shiga rumbun da ɓeraye suka yi shekara ya san shi, warin fitsari mai hawa kai, da na mushe a ƙarƙashinsa. Myron ya ja da baya ya toshe hanci da hula. Orest ya hau.

Ɓerayen ba su da yawa lokacin da ya rufe su, wataƙila uwa ɗaya da 'yan rakiya. Amma ya ba su gida babu kyanwa, babu mujiya, babu iska, ga alkama. Suka hayayyafa. Jakunkunan gwiwa sun zama tsumma da ƙaiƙayi. Bargon ƙyallaye an yage shi an kai kowace kusurwa an yi sheƙa. Katifa ta zama ramuka. Labulaye an cinye su daga ƙasa har inda tsalle ya kai. Kashi baƙi ƙirin a kan tebur, cikin kofuna, cikin butar shayi. Sabulun ma sun gwaigwaye shi. Da alkamar ta ƙare, wasu sun huda bango sun fice, wasu sun mutu a cikinsa.

Orest ya ɗaga wani ƙyalle mai shuɗin fure, guntun rigar 'yarsu ta fari. Wasu 'yan jajayen jarirai suka zubo daga ciki. Ya tsaya riƙe da shi.

Myron ya ce, "Fito, Yaya. Kashin nan yana da cuta, yana kama huhu. Fito ka sa abin rufe hanci."

Bai ce "na gaya maka" ba. Har yau bai faɗa ba, kuma ina ganin girmansa a kan haka.

Suka ɗage ranar ɗauko Lesia. Myron da Halyna suka zo da safar hannu da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, don irin wannan kashin ba a share shi a bushe, sai an jiƙa. Katifu da matasai aka kai juji. Aka ɓalle allon bango aka kwashe matattu. Orest ya ɓoye abin da ya rage na bargon ya sa a injin wanki, ya fito masa a dunƙule kamar dusa. Halyna ta zagaye shagunan garin Yorkton tana neman yadi mai kama da na labulen, ta samo wanda ya yi kusa. Ta ɗinka sababbin jakunkuna ta cika da alkama. An wanke, an sake wankewa, an bar ƙofa a buɗe rana ta shiga. Orest ya dafa kofi a ciki, har itace ya ƙona a bakin ƙofa don hayaƙin ya kama labule.

Ya tambayi Halyna, "Ya kika ji?"

Ta shaƙa ta ce, "Tsaf, Yaya. Ya yi tsabta."

"Ba tsabta na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai tana ninke tsumma.

A tsakiyar Mayu ya ɗauko Lesia. Ta rame, tafiya sai da riƙo. Shi da Myron suka taimaka mata ta hau matakala. Orest ya bi ta da takalminsa a ƙafa, da gangan, har da taɓo.

Ta tsaya tana kallon wurin. Ba ta nufi gefen taga ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Ya miƙa mata jakar alkama mai ɗumi, ta karɓa ta yi godiya, ta ajiye a gefe.

Ta ce, "Sannu da aiki, bawan Allah. An gyara wuri."

"Naki ne, Lesia."

Ta yi masa murmushin da ake yi wa mai zolaya. Ta shafa sabon labulen. Maganar ta zo mata a hankali, guntu guntu, amma ta fito.

"Mu ma muna da irinta. Ni da mijina. Tamu ta tsufa."

Orest ya durƙusa a gabanta. "Ina mijin naki?"

"Ya ce zai zo ya kai ni. Ya daɗe yana faɗa." Ta leƙa ƙofa. "Don Allah ka mayar da ni. Kada ya zo bai same ni ba."

Myron ya sauka ya zagaya bayan rumfa. Orest ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya miƙe ya kama hannunta.

Ya ce, "To, tashi mu je. Kada ya jira."

Ya mayar da ita. Ya sake gwadawa Lahadin da ta biyo baya, da wadda ta bi ta, bai canja komai ba. Myron ya yi ta ba shi baki cewa wataƙila ciwon ne ya kai inda ya kai, ko da ɓera bai taɓa zare ɗaya ba haka za ta kasance. Likita ma bai musa ba. Zai yiwu gaskiya ne. Amma babu mai iya tabbatar masa, kuma rashin sanin ne ke hana shi barci.

Lesia tana nan da rai. Kullum Orest yana zuwa, ya zauna a kujerar kusa da ita, su biyu suna fuskantar ƙofa. Idan ma'aikatan suka tambaye ta ko za ta kwanta, sai ta ce a'a, mijinta na hanya.

Darasi: Abin da kake ƙauna ba a kulle shi a juya baya, ana buɗewa a duba ko da kana tsoron abin da za ka gani. Ɓarnar da ta fi ciwo sau da yawa ba daga waje take zuwa ba, da hannunka kake rufe ta a ciki. Kuma idan wanda ke son abin da kake so ya ce ka tsaya ka duba, ka saurare shi ko da yaro kake ganinsa, don akwai abin da in ya lalace babu wanki ko ɗinkin da zai dawo da shi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman mai taurin kan da ya faɗo muku a rai kuna cikin karantawa.